Ruwan Yis a Gidan Mai Batir

Mariyama, ranar sunan ɗanki kin ja ni ƙuryar ɗaki kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da gwaggonku ta faɗa a gaban mata, wai na kwashe yara na bar babanku a lokacin da ciwo ya fara kama shi. Na ce miki ranar ba ta wannan magana ba ce. Ban yi fushi da tambayar ba, kuma ban yi fushi da gwaggonku ba, don abin da idonta ya gani ta faɗa. Amma akwai abin da ba ta gani ba, mu da muka gani kuwa mun kusa ƙarewa. Shi ya sa zan ba ku labarin shekarar nan, ke da yayanku, ku ajiye wa ƴaƴanku in sun yi hankali.

Babanku manomi ne kafin gari ya sa masa suna Mai Batir. Shekarar babban fari gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, awakinmu suka ƙare, har muka kai ga dussa da ganyen tafasa. Ya ƙetara iyaka, ya yi watanni a Sakkwato wajen wani mai gyaran batirin mota, ya dawo da sana'a a hannunsa. Gidanmu na Tsarnawa a bakin gudron yake, wato titin kwalta, can ƙarshen gari inda babu maƙwabci kusa, kamiyoyi kuwa, manyan motocin ɗaukar siminti na Malbaza, ba sa rabuwa da hanyar. Ya kafa rumfa a jikin zaure. Direba zai tsaya da mataccen batir, babanku ya fasa shi, ya zubar da tsohon ruwansa a bayan rumfa, ya zaro faya-fayan dalmar da ke ciki ya wanke su a bakin rijiyarmu, waɗanda suka lalace ya narkar da su a kaskon ƙarfe bisa gawayi. Da dalmar yake zuba wa batir sababbin kawuna, sauran ya yi ta curi-curi fatake su saya. Daga wannan rumfa muke ci, mu da Inna mahaifiyarsa, da gwaggonku da mijinta ya rasu ya bar mata yara a cikin gari. Ni kuma na kafa kasko a gefen hanya ina soya wa direbobi fanke. Duk wanda ya taɓa kwana da yunwa ba zai yi mamakin yadda muke kallon rumfar nan ba. Inna har addu'a take tofa mata in ta wuce.

Ɗiyata Rabi tana shekara uku a lokacin. Ku kun san ta shiru, shi ya sa nake so ku ji yadda take a da. Yarinya ce mai baki, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Tana kwaikwayon direbobi, ta riƙe murfin tukunya kamar sitiyari tana yi wa agwagin Inna oda su ba ta hanya. Wuninta duk a gindin babanta take yi, tana tara ɓaraguzan batir tana gina gari da su. Da sanyi ya fara wucewa sai ta canza. Abinci ya fita ranta, ciki ya ɗaure, ta riƙa riƙe cibiya tana kuka, tafin hannunta ya yi fari fat. Ta riƙa tuntuɓe a inda babu dutse. Wata ranar kasuwa, ina cikin suya, ta faɗi tana karkarwa, idanunta suka juye. Inna ta ce iska ce, gida a bakin hanya dole a yi gamo. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Na kai ta dispansar, ƙaramin asibiti na Ƙonni, aka ba mu maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Ba abin da ya ragu. Ni kaina a shekarar da ta gabata na yi ɓari, kuma a lokacin nan ina da ƙaramin ciki, naki ke nan Mariyama, ban faɗa wa kowa ba tukuna.

A cikin wannan hali kawunku Abdu, ƙanena, ya sauka a gidanmu. Yana karatun ilimin haɗa magunguna da sinadarai a jami'a a Yamai, sai karatu ya tsaya a shekarar, ɗalibai suka watse gidajensu. Ya ce zai ɗan kwana biyu kafin ya wuce Badagishiri wajen iyayenmu. Kwanakin farko sai kallo yake yi. Ya zauna a rumfa ya ga hayaƙin kasko yana bi ta kan katanga yana shiga tsakar gida. Ya ga ruwan wankin dalma yana komawa gindin rijiya. Ya ga ƙoƙon fura yana rawa a hannun babanku. Wata safiya ya ce masa:

"Malam, don Allah buɗe bakinka in ga dasashinka."

"Kai Abdu, ni tumkiya ce za ka saya?" in ji babanku yana dariya. Amma ya buɗe.

Na leƙa ni ma. Akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi a inda haƙori ya haɗu da nama. Abdu ya shiga ɗaki ya fito da wata ƴar kwalba da ya zo da ita daga makaranta. Ya sa na ja ruwa daga rijiya na zuba a kofin gilashi, ya ɗiga abin a ciki. Wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Muna kallo ruwan nan mai haske ya fara dishewa, ya koma kamar shayin da aka tsinka.

"Dalma ce," in ji Abdu. "Tana cikin ruwan da kuke sha. Ita ce ke cin Rabi, ita ce a bakinka, Malam. Babba yana jurewa ya daɗe. Yaro ƙwaƙwalwa take bi."

Babanku bai yi faɗa ba a ranar. Ya ɗauki kofin ya duba shi a rana, ya ajiye, ya koma rumfa. Ban ji ƙarar gudumarsa ba har azahar. Inna ce ta yi magana, ta ce rijiyar nan mijinta ya haƙa da hannunsa, sun sha shekara da shekaru, yau ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ya zo ya zuba mata warin ƙwai ya ce guba ce.

Za ku ce me ya hana mu ɗebo ruwa a wani wuri. Bazara ce ta shigo. Rijiyar gari tana da nisa, ta ja baya, mata na kwana layi a kanta, masu ga-ruwa kuwa ba sa zuwa ƙarshen gari. Abdu ya ari jaki yana ɗebo wa Rabi da yayanku na sha, ni kuma nake kwaɓa fanken direbobi da shi, amma bai isa dafuwa da shan gida duka ba. Ga kuma abin da babanku ya faɗa min da muka keɓe:

"Dije, in anka gan mu kullum muna wuce rijiyarmu da tulu, kafin magariba gari ya ɗauka Mai Batir guba yake zubawa. Maigari zai tada rumfa. Mi za mu ci?"

Wata rana Abdu ya zauna kusa da ni ina kwaɓin fanke, ya ɗauki gwangwanin yis ɗina yana juya shi a hannu. Yis ɗin nan daga Nijeriya ake kawo mana shi, garin da ake barbaɗawa ƙullu ya tashi. Ya tambaye ni ko na san abin yana da rai. Na ce ya daina yi min wasa. Ya ce wallahi, halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, numfashinsu ne ke kumbura ƙullu. Ya ce wani malaminsu ya nuna musu cewa fatar jikin waɗannan halittu tana kama ƙarfen da ya narke a ruwa, kamar yadda ƙarangiya ke kama zane, kuma ko sun mutu ba sa fasa kamawa. In an zuba su a ruwa an motsa, an bar su sun kwanta, sai su tafi ƙasa da dalmar a jikinsu.

"Ban ce magani ne ba, Yaya," ya ce. "Dabara ce ta kafin damina. Rumfa dai sai ta tashi."

Muka shiga aiki ni da shi. Gwangwani ɗaya ba zai kai ko'ina ba, don haka muka riƙa hayayyafa yis ɗin da kanmu, a tukwanen ƙasa, da ruwan gasara da ɗan sukari, har ya yi kumfa ya kwanta kamar kamu. Abdu sai ya tafasa shi don ya mutu kada ya tsamar da ruwa, ya wanke, ya zuba a randa, ya motsa da muciya. In ya kwanta mu tsiyaye na sama, mu tace a farin ƙyalle da yashi mai tsabta da ya ɗebo daga nesa. Ya gwada wasu abubuwan ma. Ya kwaso gansakuka daga tafkin fadama ya shanya ya daka. Ya bar burodi ya yi hunhuna ya kankare. Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana kallon tsakar gida cike da tukwane.

"Yanzu ƙwari za ku ba mu mu sha?" ta ce. "Jiya guba, yau ƙwari. Allah shi kyauta."

Gansakukar ta yi ɗan aiki, hunhunar ta fi ta, amma yis ya fi su duka sauƙin kwanciya. Da Abdu ya gamsu, ya kira babanku da safe kafin a hura gawayi. Ya jera kofi biyu a kan turmi, ɗaya daga rijiya, ɗaya daga randa. Ya ɗiga abin warin nan a kowane. Na rijiya ya dishe kamar ran farko. Na randa ya tsaya garau. Muka jira, muka ƙara jira, bai canza ba. Babanku ya ɗaga kofin sama, ya ce Allahu akbar har sau nawa ban sani ba. Ya rungume Abdu. Ban taɓa ganin ya rungumi namiji ba sai ranar. Ya aika aka sayo nama, Inna da kanta ta sha ruwan randa ta ce ƙanshin fanke yake yi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye muku ba. Rabi ta ɗan samu sauƙi a kwanakin, ta ci tuwo, har ta ɗauki murfin tukunyarta. Abdu yana ta cewa kwalbarsa ba ta ganin ƙaramar dalma, sai mai yawa, amma muryarsa ta ɓace a cikin murnar gida.

Laka-lakar yis da ke kwantawa a gindin randa Abdu ya ce guba ce tsantsa, a binne ta. Muka haƙa rami bayan gida muna zubawa muna rufewa. Agwagin Inna suka gano wurin da danshi, suka riƙa tonawa da baki. Ba a daɗe ba suka fara tafiya kamar masu maye, fikafikai a ƙasa, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Babanku ya tsaya a kan gawar ta ƙarshe ya ce:

"Ka gani, Abdu? Abinka ya ja gubar duka. Ga ta nan ta hita."

"Malam, abin da ni na gani shi ne yawan abin da ke cikin rijiyar," in ji Abdu.

Ya cika ƙananan kwalabe da ruwan randa da na rijiya, ya ƙulla ƙasar tsakar gida da tokar rumfa a tsumma, ya hau mota zuwa Yamai, inda akwai na'urar da ke ganin abin da kwalbarsa ba ta gani. Da ya dawo, tun daga yadda ya yi sallama na san ba alheri. Ya bari aka ci abinci, sannan ya ce yana son magana da mu uku, ni da babanku da Inna. Ya ce yis ya yi aiki ƙwarai, ya kwashe mafi yawan dalmar, har malamin nasu ya yi mamaki. Amma abin da ya saura ya fi ƙarfin yaro ƙarami da mai ciki. Ya kalle ni da ya faɗi haka, ashe ya lura. Ya ce kuma ruwan ma ba shi ne babba ba. Ƙasar da Rabi ke wasa a kai, ƙurar da ke sauka a kan tuwo, hayaƙin kasko, rigar babanku da yara ke rungumewa, duk dalma ce.

"Ba ni da yis ɗin da zan zuba ma ƙasa, Malam. Ba ni da wanda zan zuba ma iska. Rumfa ta tsaya, yara kuma su bar gidan ga."

Babanku ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Kai ka nuna mani kofi garau a gaban uwata. Kai ka sa na yi godiya ga Allah. Yanzu ka zo ka ce ba haka ba?"

"Na hwaɗa tun ranar, Malam, ba a ji ni ba."

"To ji nawa. Kai in lakwal ta buɗe ka koma, gwamnati ta ciyar da kai. Ni baki nawa ke jiran rumfa wagga? Ka taɓa ganin ɗanka yana lasar dussa? Ruwa an gyara. A share tsakar gida, a hana ta zuwa rumfa. Bayan damina in amfani ya yi kyau, sai in nemi wuri bakin tasha."

Inna ta ce ita kam ba inda za ta, a gidan nan aka kawo ta, daga nan za a fitar da ita. Ta ce wa Abdu baƙo ba ya raba gida. Washegari ya ɗauki jakarsa. Na raka shi bakin hanya, ya ce min da ya sani da bai jera kofunan nan ba, da ruwan ya ci gaba da dishewa wataƙila da tsoro ya yi abin da magana ta kasa. Na ce masa ya bar wannan, ruwan da muka sha a bazarar nan ai ya fi wanda za mu sha da bai zo ba. Ya bar mana tukwanen da muciyar, ya wuce Badagishiri.

Na yi duk abin da babanku ya ce. Na share, na yayyafa ruwa, na ɗaure Rabi a bayana da ciki a gabana. Amma ba a ɗaure yarinya wuni guda, iska kuma ba ta tambayar izini. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, da hantsi, Rabi ta sake faɗuwa. Wannan karon abin ya daɗe har na ɗauka ta tafi. Wani direba ya kai mu Ƙonni. Ta farfaɗo, muka yi kwanaki a can, muka dawo da ita tana tafiya, tana ci. Amma bakin nan ya rufe. Ina kiranta ta kalle ni kamar daga nesa. Babanta ya miƙa mata murfin tukunya, ta riƙe, ba ta san me za ta yi da shi ba.

Na same shi a zaure bayan la'asar, babu kowa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa a kansa ina magana ba sai ranar. Na ce:

"Malam, ka san ina da ciki. Wanda ya wuce ya zube, ka ga Rabi. Ba zan haihu a gidan ga ba."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa saki ma. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi hannayensa, ya ce ya sani, tun ranar da ya buɗe wa Abdu bakinsa ya sani. Ya ce ya lissafa ta kowace hanya, in ya rufe rumfa gida biyu za su koma inda suka fito, uwarsa kuma ba za ta tashi ba, shi kuwa ba zai bar ta ba.

"Ki tahi da su, Dije. Duka, har da babban. Amma abu guda nika roƙo. Kada ki hwaɗa ma kowa dalili. In magana ta hita, rumfa ta tashi, ba abin da zan aiko maku da shi."

"Za a ce na gudu na bar ka."

"Za a ce," ya amsa.

Shi ya tsayar da motar da safe. Shi ya ɗora kayanmu. Kafin ya ɗauki Rabi sai da ya tuɓe rigar aiki ya yi wanka ya sa ta Juma'a, sannan ya ɗauke ta ya miƙo min ita ta taga. Inna ta riƙe hannun yayanku tana cewa ɗa namiji na gidan ubansa ne, babanku ya ɓamɓare yatsunta a hankali ya ce ta bar shi ya raka uwarsa. Gwaggonku ta iso motar na tashi. Abin da ta gani ke nan: mace ta cika mota da yara, ɗan'uwanta a tsaye bakin hanya da hannu mai rawa. Ta tambaye shi, ya ce mata yaji na yi. Da haka maganar ta zauna a Tsarnawa, ni kuma na yi alkawari, ban warware ta ba.

A Badagishiri aka haife ki. Na riƙa taya mahaifina aikin lambu da rani, ina soya fankena ran kasuwa. Mata sun yi ta zuwa ba ni baki in koma ɗakina, wasu su zauna a gabana su yi zancen matan da ba su da haƙuri. Na haɗiye. Babanku bai sake ni ba, bai kuma ƙara aure ba. Ranar kasuwa yakan zo da wankakkun kaya, da hatsi da sabulu, ya zauna ya ɗora Rabi a cinya har la'asar. Shi da Abdu ba su sake maganar rijiya ba, sai dai in zai tafi Abdu ya sa masa sabon gwangwanin yis a jaka, shi kuma ya karɓa. Daga baya Abdu ya koma ya ƙare karatu, ya zama malamin makaranta a Illela. Babanku ya mayar da narkar da dalma can cikin daji, amma ya riga ya makara wa kansa. Rabi ta girma a hannuna, ta dawo da kalmomi kaɗan, ta iya tsinke zogale da share ɗaki, kuma kun san har yau tare muke kwana.

Zuwansa ya riƙa raguwa, har ya tsaya. Inna ta rasu. Aka aiko min cewa hannayensa sun saki, ƙafafu sun kumbura. Na bar ku wajen kakarku na tafi ni kaɗai. Na tarar rumfa a rufe, ƙura ta rufe kaskon. A tsakar gida kuwa tukwanen nan suna jere, yis yana kumfa a ciki. Duk shekarun nan bai bari uwarsa ta sha ruwan rijiya kai tsaye ba ko sau ɗaya. Da yatsunsa suka daina riƙo, sai yake haɗa muciya tsakanin damatsansa biyu yana motsa randa. Na zauna na yi jinyarsa har ƙarshe, gwaggonku tana zuwa tana tafiya ba ta amsa gaisuwata. A ganinta na dawo ne da abu ya ƙare.

Kin shiga lakwal a shekarar. Wata rana babanku ya ce yana so ya gan ki. Na aika Abdu ya kawo ki, na fita tarye ki da niyyar in shigo da ke ko na ɗan lokaci. Babanku ya ji motsina ya kira ni.

"Kada ki shigo da ita. Ko zaure kada ta taka."

Na shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, na jingina shi da bango. Abdu ya tsaya da ke a ɗaya gefen gudron, gindin bishiyar dogon yaro. Kina sanye da rigar atamfa mai ruwan ganye, kina riƙe da allon lakwal. Abdu ya ce ki gaida babanki ki karanta masa abin da aka koya muku. Kika buɗe baki kika fara da ƙarfi, irin yadda ake sa ku yi a aji. Kamiyo ya wuce ya haɗiye muryarki, kika tsaya, kika faro daga farko. Wani ya sake wucewa, kika yi masa tsaki, kika sake farowa. Babanku bai san harshen nasara ba, kuma rabin abin bai iso kunnensa ba. Ya juyo ya dube ni.

"Daidai take yi?"

Na ce Abdu na gyaɗa kai, daidai take yi.

"Ba ta mantawa?"

Na ce ba ta mantawa, malaminsu ma ya ce ta fi ƴan ajin baki.

Ya ɗaga hannu yana so ya yi miki alama, tafin ya langaɓe a wuyan hannun, ya kasa miƙewa. Kika ɗauka wasa yake yi miki, kika langaɓar da naki kika yi dariya. Ya yi dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa.

"To, madalla," ya ce. "A maida ta gida tun iska ba ta juyo ba."

Bai kai girbi ba. Bayan an share makoki Abdu da yayanku suka cika rijiyar da duwatsu, suka toshe ƙofar zaure da laka.